Yadda na yi digiri na biyu a ilimin lafiya da motsa jiki a Kano

Tun ranar da na shiga ɗakin malamai da kundin bincikena a hannu, mai baƙin bango da rubutun ruwan zinare, mutum huɗu suka ja ni gefe suna tambayar ta ina ake farawa. Biyu daga ciki 'yan fanninmu ne, malaman PHE, wato ilimin motsa jiki da lafiya, waɗanda ɗalibai ke ce wa malaman wasanni. Na gaji da ba da labarin a tsaitsaye tsakanin wannan darasi da wancan, shi ya sa na zauna na rubuta shi daki-daki, har da wuraren da ni ce na jawo wa kaina wahala.

Na yi NCE a tsohuwar kwalejin ilimi ta tarayya ta Ƙofar Famfo, na yi digirin farko a wata jami'a da ke maƙwabciyar jiha lokacin da maigidana yake aiki a can, na yi bautar ƙasa, sannan na kama koyarwa a wata sakandaren 'yan mata ta gwamnati a cikin birni. Burina in koma koyarwa a kwalejin ilimi wata rana, in riƙa horar da waɗanda za su zama malamai, can kuwa mai digiri ɗaya ba ya nisa. A 2021 na yanke shawarar nema.

Kuskurena na farko shi ne sayen fom kafin in nemi izinin wurin aiki. Ma'aikacin gwamnati ba ya tashi kawai ya tafi karatu. Za ka rubuta takarda ta bi ta hannun shugabar makaranta, ta je ofishin shiyya, daga nan ta wuce hedikwata. Na rubuta, na kai, na dawo gida hankalina kwance. Bayan wata guda na koma bin sawu, aka ce in kawo kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Ba ni da shi, don ban san ana yin haka ba. Sai da na sake rubuta wata daga farko. Wani dattijon masinja da ya ga ina ta kai-kawo ne ya tsayar da ni a baranda ya ce, "'Yata, takarda ba ta da ƙafa. In kin kawo, ki kawo biyu, a buga miki hatimi a ɗaya ki tafi da ita, ki kuma rubuta lambar fayil a bayanta." Na ce, "Na gode Baba." Tun daga ranar ban sake miƙa wa kowa takarda ƙwaya ɗaya ba.

Fom ɗin kansa ta intanet ake cikewa. Na je shagon masu kwamfuta aka ciro mini lambar biyan kuɗi ta Remita, na biya a banki, na dawo aka buɗe shafin. A nan ne za ka zaɓi ɓangare, kuma mutane da yawa ba su san sashen ya rabu ba sai sun zo gaban kwamfuta: akwai ilimin lafiya, akwai nazarin yadda jiki ke aiki lokacin motsa shi, akwai tafiyar da harkokin wasanni. Yaron shagon yana ta azalzala ta don akwai layi a bayana. Na zaɓi ilimin lafiya, saboda shi ne zan iya yi da abin da ke gabana a makaranta ba tare da na'urorin ɗakin gwaji ba. Kada ka bari mai shago ya cike maka yana hira da abokinsa. Ka tsaya a kansa, ka karanta kowane layi kafin ya tura. Ni a nan na gano an rubuta sunan mahaifina iri biyu, Muhammad a takardar sakandare, Mohammed a ta digiri. Wannan ɗan bambancin ya kai ni kotu yin takardar rantsuwa, ya ci mini yini guda.

Abin da ya fi komai cin rai a matakin nema shi ne tiranskirif, wato cikakken sakamakon digirin farko. Ba a ba ka shi a hannu ka kai, tsohuwar jami'arka ce za ta aika wa sabuwar kai tsaye. Na biya kuɗin, na ɗauka shi ke nan. Mako shida shiru. Sai da na hau mota har sau biyu zuwa can, na farko na tarar wanda zai sa hannu ya yi tafiya, na biyu na zauna a benci tun daga hantsi har la'asar, goyona yana ta rigima, kafin a nuna mini ambulan ɗin an rufe shi da lambar aikawa. Da na sani da tiranskirif na fara nema tun kafin a buɗe sayar da fom. Sunana bai fito a jerin farko ba saboda shi, sai a na biyu.

Wata ƙawata da muka nema tare ba ta samu ba sam a shekarar. Ita digirinta na nazarin halittu ne, babu darasin koyarwa ko ɗaya a ciki, duk da ta shekara biyar tana riƙe da ajin lafiya a wata makarantar kuɗi. Aka ce ta fara yin PGDE, difilomar koyarwa ta masu digiri. Ta ji haushi, tana ganin an mayar da ita baya. Amma da ta fita koyarwar gwaji, malamin da ya zo duba ta ya zauna a bencin ƙarshe ya karɓi littafin shirin darasinta, ya tambaye ta me take so yaran su iya yi da hannunsu bayan minti 40, ta ce mini a ranar ta gane shekara biyar ta yi tana karanta wa yara littafi kawai. Duk wanda digirinsa ba na koyarwa ba ne, ya je sashen da ƙafarsa ya tambayi abin da za su karɓa kafin ya zuba kuɗin fom.

Ranar tantancewa ka zo da ainihin takardunka duka: ta firamare, ta sakandare, NCE in akwai, digiri, shaidar bautar ƙasa ko ta yafewa, ta haihuwa, ta ƙaramar hukuma, da hotunan fasfo masu yawa. Na je da takwas, suka ƙare. Akwai fayil na makarantar karatun gaba da digiri, akwai na tsangaya, akwai na sashe, kowanne yana son nasa kwafin. Kwana uku na yi ina wannan zarya a cikin A Daidaita Sahu. Kuɗin makaranta yana sauyawa daga shekara zuwa shekara, don haka adadin da na biya ba zai amfane ka ba, amma ka sani ƙananan kuɗaɗen gefe, fotokwafi da mota da katin waya da takardun lakca, in ka tara su ba za ka raina su ba.

Karatun aji simesta biyu ne. Mu goma sha wani abu ne a ajin, mata uku. Akwai jami'an lafiya na ƙananan hukumomi, akwai wani kocin ƙwallo da ke horar da yara a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, sauran mu malaman makaranta ne. Darussan lafiyar makaranta da lafiyar al'umma da abinci mai gina jiki ba su ba ni wuya ba. Hanyoyin bincike da ƙididdiga ne suka kusa kayar da ni. Rabona da lissafi tun sakandare, ga shi ana maganar gwajin t da kai-sikwaya kamar kowa ya sha su a nono. Abin da ya cece ni, mu huɗu muka riƙa haɗuwa ranar Asabar a ƙarƙashin wata darbejiya, kowa ya kawo makin ɗalibansa na gaske mu yi lissafin da hannu kafin mu saka a SPSS, manhajar kwamfuta ta ƙididdiga. Da na ga makin 'yan ajina ne ke juyawa a cikin teburin, sai abin ya daina zama tatsuniya.

Muna cikin haka aka shiga yajin aikin malaman jami'a ranar 14 ga Fabrairu 2022, ba a janye ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas cur. Wasu daga cikinmu ba su dawo ba, ɗaya ya tafi kasuwar Kwari ya kama sayar da yadi. Ni ma na ajiye littattafan har wata uku, sai da maigida ya ce, "Ke da kike cewa lokaci ne ba ki da shi, ga shi an ba ki kyauta." Na ji zafin maganar, amma ita ta sa na fara tara abin da zan rubuta a babi na biyu na kundina, inda ake bitar abin da wasu suka rubuta a kan batun.

Da aka dawo aka raba mana masu duba bincike. Nawa dattijo ne marar yawan magana. Na je masa da taken da na daɗe ina alfahari da shi: auna ƙarfin jikin 'yan mata na sakandare a birnin Kano da kewaye. Na tsara zan sa su gudun minti 12 na Cooper, gwajin da ake auna nisan da mutum ya ci a wannan lokacin, in sa su hawa da sauka a benci in ƙirga bugun zuciya, in auna lanƙwasuwar baya. Ya karanta shiru, ya cire tabarau ya ce, "Malama, makarantarku tana da filin da za a yi gudun minti 12?" Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai filin taron safe." Ya ce, "Yara nawa?" Na ce 384, kamar yadda teburin Krejcie da Morgan na 1970, wanda ake duba yawan mutanen da za a ɗauka a bincike, ya nuna in jama'ar da ake nazari suna da yawan gaske. Ya ce, "Wa zai sa hannu in ɗaya ta faɗi?" Ban da amsa. Ya ce in je in gwada da yara 20 in dawo.

Na gwada, kuma a nan na yi wautar da har yau nake jin kunyarta. Sai da na gama shiri na lura azumi ya kama, don a 2023 an ɗauki azumi ranar 23 ga Maris. Na ce to bari in jira bayan salla. Bayan salla kuwa zafin ƙarshen Afrilu ne, wanda ƙarfe goma na safe ba ka iya taka ƙasa ba takalmi. Filin taron safen da nake taƙama da shi, da na auna shi da tef, zagayensa bai kai rabin abin da nake zato ba, ga kwata ta ratsa gefe guda. Yara 20 na nema, iyayen 9 ne suka sa hannu. Wata uwa ta zo da kanta har makaranta ta ce, "Malama, ni dai 'yata karatu na kawo ta, ba tsere ba." Waɗanda suka yi gudun kuma da hijabi har ƙasa da silifas suka yi, biyu suka tsaya tun minti na huɗu. Na koma wurin malamina gwiwa a sanyaye. Bai ce ai na faɗa miki ba. Ya ce, "Yanzu kin san garinki. Zauna mu gyara."

Muka mayar da binciken kan yawan motsa jikin da 'yan matan ke yi a rayuwarsu ta yau da kullum, da abin da ke hana su, tare da auna nauyi da tsawo don fitar da BMI, wato nauyi a kilo a raba da tsawo a mita sau kansa. Ma'aunin da muka jingina da shi shi ne na Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 a kullum na motsin da ke sa numfashi ya ɗaga. Na kare wannan tsari a gaban malaman sashe, suka yi mini gyara shafi biyu, suka amince.

Takardar tambayoyin ce ta koya mini abin da lakca ba ta koya mini ba. Na samo wadda aka yi amfani da ita a ƙasashen waje, na fassara ta. Tana tambayar sau nawa kika yi iyo a makon jiya, sau nawa kika hau keke, sau nawa kika je gidan motsa jiki. Na gwada ta a kan yara 30 na wata makaranta da ba ta cikin waɗanda zan nazarta, kusan kowa ya cike babu, babu, babu. In ka bi takardar nan, yaran ba sa ko motsi. Sai wata 'yar aji biyu ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, jan ruwa a rijiya yana ciki?" Na tambaye ta guga nawa take ja. Ta ce tana cika randa biyu kafin ta taho makaranta, ta dawo ta yi shara da wanke-wanke, ta taka zuwa Islamiyya da yamma ta dawo a ƙafa. Wata ta ce ita daka take yi. Na tsaya ina kallon takardar da na kwana uku ina fassarawa. A daren na sake rubuta ta: jan ruwa, ɗaukar jarka, daka, wanki, shara, talla, tafiyar ƙafa zuwa boko da Islamiyya, 'yar gala-gala, tsallen igiya, gaɗa. Malamai uku suka duba ta, wani malamin Hausa ya mayar da ita Turanci ba tare da ya ga ta asali ba don a tabbatar ma'ana ba ta kauce ba, na sake gwadawa, lissafin Cronbach, mai auna ko tambayoyin sun dace da juna, ya haura 0.70 da ake nema. Da zan ba mai shirin wannan karatu shawara ɗaya tak, zan ce kada ya buga takardar tambayoyi ɗari huɗu kafin yara su karanta talatin a gabansa.

Shiga makarantu kuma sai da takarda. Sashe ya ba ni ta gabatarwa, na kai hukumar da ke kula da makarantun, ta ba ni ta izini, na kai wa kowace shugabar makaranta, sannan takardar yardar iyaye da Hausa. Wanda bincikensa zai kai shi asibiti yana da ƙarin mataki, sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, don haka ya fara da wuri. Na zaɓi makarantu daga cikin ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye: Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Ina tsaka da zagayen aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ya tashi, lissafin da na yi ya rushe. Na sayar da 'yan kunnena na gwal ɗaya. Sikelin da na saya na banɗaki ne, sai na riƙa gwada shi kowace safiya da jarkar ruwa mai lita 10, wadda ruwanta kilo 10 ne, in ga ko ya kauce. Awon kuma a cikin aji nake yi, ƙofa a rufe, ni da wata malama, ba a faɗar nauyin kowa da ƙarfi. 'Yan mata a wannan shekarun, in ka faɗi nauyin ɗaya a gaban aji, ta samu sunan tsokana har ta gama makaranta.

A zagayen ne na ga halin da fanninmu yake ciki. A manhajar da aka fara aiki da ita a 2014 an cusa PHE a cikin darasi ɗaya a matakin farko, tare da kimiyya da fasaha da kwamfuta. A makarantu da dama da na shiga, lokacinsa yana nan a jadawali, amma in jarrabawa ta matso shi ake fara ba wa malamin lissafi. Ban ga laifin shugabannin ba sosai, aji ɗaya ya cika maƙil, fili babu, ƙwallo ɗaya ce, ita ma iskarta ta fice.

Da na tattara takardun, masu shagunan kwamfuta na bakin jami'a suka yi ta tayin su yi mini lissafin har da babi na huɗu, na sakamakon bincike. Wani ɗan ajinmu ya ba su. Ranar kare kundi a gaban malaman jami'armu aka tambaye shi me ya sa ya yi amfani da wannan gwajin ba wancan ba, ya tsaya yana kallon silin, aka ɗaga shi zuwa wani zama. Ni na shigar da nawa da kaina, mako uku, yawanci bayan sallar isha in an kawo wuta. Kafin a karɓi kundi ana saka shi a manhajar gano satar rubutu. Nawa ya dawo da babi na biyu ja-ja-wur, don lokacin yajin aiki na kwafo jimlolin mutane a littafina ban sa alamar cewa ba nawa ba ne, daga baya na manta. Sai da na sake rubuta babin da bakina.

Daga nan sai jiran mai jarrabawa na waje, farfesan da ake gayyatowa daga wata jami'a. Ba ka da abin yi a nan sai haƙuri da barin waya a kunne. Wata huɗu na jira, aka kira ni ranar Litinin aka ce Alhamis ne. Na shiga ɗakin hannuna yana rawa. Farfesar mace ce, ta lanƙwasa shafuka da yawa a kwafinta. Tambayarta ta farko a kan daka ce: ta yaya na san daka motsi ne mai ƙarfi ba matsakaici ba? Na ce, "Ranki ya daɗe, na ƙirga bugun zuciyar yara kafin su fara da bayan minti biyar da taɓarya a lokacin gwaji, na kuma rubuta a kundin cewa wannan ƙiyasi ne." Ta yi murmushi ta ce ita ma ta yi daka tana yarinya, ta san amsar, so take ta ji ko na auna. Minti 50 aka yi. Aka ce in fita, aka kira ni, aka ce na ci da ƙananan gyare-gyare. Kada ka kai kundi wurin masu bango sai mai duba gyaran ya sa hannu. Na san wanda ya yi gaggawa ya yi asarar kwafi shida.

Abu ɗaya da digirin ba ya ɗauke maka shi ne rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai da aka kafa da dokar 1993. Tana da jarrabawarta da ake yi a kwamfuta, kuma ta kasa malamai rukuni huɗu: A masu digirin digirgir, B masu digiri na biyu, C masu digirin farko, D masu NCE. Tambayoyin na sanin aikin koyarwa ne, ba na fanninka ba, don haka ka koma kan littattafan NCE ko PGDE. Wanda bai saba da linzamin kwamfuta ba ya je ya yi atisaye, na ga wata babbar malama da lokaci ya ƙare mata tana neman inda za ta danna.

Daga sayen fom zuwa karɓar takardar sakamako shekara uku da 'yan watanni na yi, a karatun da na shiga da lissafin shekara biyu. Ainihin shaidar digirin ba ta fito ba tukuna, da takardar sakamakon na rubuta neman ƙarin girma, kwafi biyu, ɗaya da hatimi tana cikin jakata. Shugabar makarantarmu ta karanta babi na biyar, na kammalawa da shawarwari, ta mayar mini da darasin safiyar Laraba da aka daɗe da ba wa lissafi. Na sayo igiya goma a kasuwar Kurmi, na yanka su daidai tsawon yaran, muna tsalle a bayan ajujuwa inda inuwa take kaiwa ƙarfe tara.